Amsa: Tabo shuɗi-shuɗi a kumburarren hannun Mama

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce shekara 9 ke nan da cire mata nono saboda cutar kansa, hannun ya daɗe a kumbure, yanzu kuma ga tabo shuɗi-shuɗi kamar an buge ta. Don Allah kar ku tsaya shafe-shafe. Shi kumburin hannun sananne ne, yana zuwa idan an cire kaluluwar hammata ruwa ya rasa hanyar wucewa. Amma jefi-jefi yakan haifar da kansar jijiyoyin jini, wadda likitoci biyu a Amurka, Stewart da Treves, suka bayyana a 1948. Tana saurin bazuwa, har huhu. Ku koma wurin likitan kansarta makon nan, a yanki ɗan naman tabon a gwada. Ido kaɗai ba ya tantancewa.