Tambaya da amsa: Bayan an zuba dusar ƙanƙara, za mu iya hawa dutse a Banff?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Calgary ta ƙasar Kanada. Kwana uku aka yi ana zuba dusar ƙanƙara ba ji ba gani, yanzu gari ya washe, abokaina sun ce mu shiga cikin duwatsun Banff ranar Asabar, can nesa da inda ake da masu kula. Wani ya tsorata ni da maganar zaftarewar dusar. Da gaske akwai haɗari ko dai faɗa ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. A taƙaice dai kar ku je wannan Asabar ɗin, in kuma sun matsa to su tafi ba da kai ba.

Washewar garin nan da ta burge ku ita ce matsalar. Dusar ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take kwanciya, kowace zuba da nata shimfiɗin, kuma a duwatsun Banff ta ƙasan nan sau da yawa takan zama garas-garas kamar sukari saboda tsananin sanyi. Ka ɗauka ka watsa gero a kan tayil ka ɗora faffaɗan katako a kai sannan ka karkata wajen, to haka sabuwar dusa mai nauyi take zaune a kan tsohuwar, jira kawai take wani ya taka. Ga iska kuma, tana kwasowa daga wannan gefen dutse ta jibge a wancan, sai ka ga wuri sumul gwanin sha'awa alhali nan ne tarkon. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan zubar su ne mafi muni, amma in ta ƙasan ba ta kama ba abin yakan kai makonni.

Kuma yawancin waɗanda take kashewa, su ne da kansu ko wani a cikin tawagarsu suka tayar da ita, kusan 9 cikin 10.

Gangarar da ta fi zaftarewa ita ce mai karkata digiri 30 zuwa 45. Sai dai fa ko kana tafiya a shimfiɗaɗɗen kwari, in irin wannan gangara tana samanka ba ka tsira ba. Haka ta faru a kwarin Connaught Creek kusa da Rogers Pass, wata mashiga tsakanin duwatsu a yammacin Kanada, ranar 1 ga Fabrairun 2003, ɗalibai 7 'yan sakandare daga lardin Alberta suka rasu, a cikin kwari suke tafiya dusar ta sauko musu daga sama. Ƙanin tsohon Firaministan Kanada Justin Trudeau ma, Michel, zaftarewar dusa ce ta tura shi cikin tafkin Kokanee a 1998, ɗan ƙasa kenan da ya taso yana wasan kan dusa, balle mu da muka girma da hunturu da ƙura.

Kullum kafin fita ka duba hasashen Avalanche Canada, ƙungiyar da ke hasashen zaftarewar dusa, matakin haɗari 1 zuwa 5 suke sakawa. Mutane na raina 3 wai ai tsakiya ne, wallahi a nan aka fi mutuwa, don a 4 da 5 kowa na zama gida. In kana tafe ka ji dusa ta yi wani "wuf" a ƙarƙashin ƙafarka, ko tsaga ta gudu gabanka, ko ka hangi inda ta zaftare kwanan nan, juya kawai ba sai an yi shawara ba.

Kayan aiki uku ne kuma kowa da nasa: 'yar na'urar sigina da ake ratayawa a jiki don a gano wanda dusa ta binne, doguwar sandar caka dusa mai naɗewa, sai shebur na ƙarfe. Dusar in ta tsaya daskarewa take kamar siminti, ko yatsa ba ka iya motsawa, wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa akasari numfashi ya ƙare, kaga masu ceto daga gari ba za su iso ba, abokanka ne za su tono ka. Shi ya sa ake tsallaka wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, sauran na tsaye a gefe suna kallo.

Akwai kwas na farko kan kare kai daga zaftarewar dusa da ake kira AST 1, kamar kwana biyu ne, ku haɗa kuɗi ku yi shi tukunna. Wannan Asabar ɗin in kuna son hoto ku tsaya a bakin tafkin Louise wajen otal, ko ku biya tikiti ku shiga filin wasan kan dusa da ma'aikata ke farfasa dusar da nakiya tun da asuba kafin a buɗe.