Kafin ka sayar da gonar, ɗaga kafet ɗin motar ka duba waya

Wani mai shagon kayan sautin mota a wajejen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ya aiko da tambaya. Yana sayar da rediyo da sifika da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗan yayarsa kuma shi ke haɗawa a mota. Cikin wata biyu sun yi wa mota kamar ashirin aiki, shida sun dawo sifikun ƙofar gaba sun ƙone, shi ya biya sababbi daga aljihunsa don kada sunan shago ya ɓaci. Ya ɗora laifin a kan kayan Chaina da yake sarowa a Sabon Gari a Kano. Yanzu yana so ya sayar da gonar gado da ke hanyar Daura, ya haɗa naira miliyan 3, ya riƙa ɗauko kaya daga Alaba a Legas, ya zama dila.

Ƙanena, ka bar gonar nan inda take. A tsakiyar saƙonka akwai magana guda da ka faɗa ka wuce kamar ba komai ba ce: duk mota kana ba yaron naira 15,000 ya je ya sayo waya da fiyus, kuma ba ka taɓa tambayarsa rasit ba saboda ɗanka ne. Nan kuɗinka ke zuba. Mutum ɗaya ke sayo kayan aiki, shi ke ɗaurawa, shi ke mayar da kafet da murfin ƙofa a kai, idan mota ta dawo kuma shi ne mai gaya maka abin da ya lalata ta. To me kake tsammanin zai ce? Ai Chaina ba ta da bakin kare kanta.

Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Wataƙila bai iya ba ne, yana jin kunyar faɗa wa kawunsa. Amma kai ba ka da hanyar sanin wanne ne, domin babu abin da ka rubuta.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Ka ce ribar mota ɗaya kusan 20,000 ce, wato ashirin sun ba ka 400,000. Sifika biyu na gaba 35,000, sau shida 210,000. Fiye da rabin ribarka ta tafi, ban da lokacin da aka ɓata da kwastoman da ya yi fushi ya koma wani wuri bai ma gaya maka ba. Idan ka zuba miliyan 3 a kan wannan tsari, motocin da za su dawo ne za su ƙaru.

Ina so motar farko da za ta dawo gobe, kai da kanka ka tsaya a kanta. Ka fara da wayar wuta, mai kaurin da ta taso daga batir. Ka yanki ɗan guntu ka kankare da wuƙa. Idan ja ce har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. Idan farin ƙarfe ya bayyana, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma a kauri ɗaya wutar da yake ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe ba. A hannu ma za ka ji ba ta da nauyi. Kuɗinta ya yi ƙasa sosai, sai ka tambayi kanka ina canjin yake. Daga nan ka nemi fiyus. Wurinsa kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya daga kansa, domin aikinsa kare wayar da motar ne, ba amfilifaya ba. Wanda ke jikin amfilifaya ba ya tare komai idan waya ta goge a jikin ƙarfe a hanya.

Na san wani mai irin sana'arka da aka kai gaban alƙali a kan wannan. Yaronsa ya zura waya ta ramin da ke tsakanin inji da cikin mota babu roba, babu fiyus. Gargadar hanya ta yi ta cin bawon wayar, ranar da ƙarfe ya taɓa ƙarfe Golf ɗin mutane ta kama da wuta a gefen titi. Allah ya kiyaye rai, amma shagon bai sake buɗewa ba. Abin da aka yi tattalinsa a ranar bai kai kuɗin tuwon rana ba.

Su kuwa sifikun gaba, yawanci ba haka kawai suke ƙonewa ba. Mafi yawan na mota om 4 ne; om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, idan lambar ta yi ƙasa amfilifaya ta fi jan wuta. Yara masu son burge kwastoma sukan haɗe tashoshi biyu na amfilifaya su zama ɗaya, sannan su rataya sifika biyu a kai, lambar ta sauko om 2, alhali galibin amfilifayoyin nan idan an haɗe tashoshinsu ba sa jure ƙasa da om 4. Sai zafi, a garin da a watan Afrilu sitiyari ma ba ya taɓuwa. Akwai kuma ɗan maɓallin da ake kira gen, wanda yara ke murɗewa ƙarshe suna zaton na ƙara murya ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da rediyo ne kawai, idan aka cika shi sauti ya dagule, dagulallen sauti kuma shi ke soya zaren sifika. Ka duba ko an kunna matatar da ke hana ƙaramar sifikar ƙofa ɗaukar gangar ƙasa, wato sauti mai kauri, wadda ake sa wa wajen 80 a ma'aunin Hz. Ba a kunna ba, direban Sharon ya saki kiɗa tun daga Katsina har Jibiya, me zai hana ta mutu?

A nan kai ma kana da hannu. Kana sayar da kaya da lambar da ke jikin kwali, wai wat 1,000. Lambar da ake aiki da ita ita ce ta RMS, wato ƙarfin da kayan ke iya riƙewa ba yankewa, tana cikin ƙananan rubutun da ke baya. Amfilifayar da fiyus ɗinta na amfiya 30 ne, a wutar mota mai kusan bolt 14, abin da take ja bai wuce wat 420 ba, wani kaso mai yawa kuma zafi yake zama. Wanda bai iya wannan ɗan lissafin ba shi ne zai shiga Alaba da kuɗin gona? Can ma kwalayen nan ne, sai dai masu sayarwar sun fi na Kano iya baki.

Daga wannan makon ka raba saye da ɗaurawa. Kai za ka sayo waya nadi guda, da fiyus da roba da kawunan waya, ka ajiye a shago, a riƙa aunawa da mita ana yanka a gabanka. Sayen nadi ma ya fi sauƙi. Ka sayi littafi na naira 500, kowace mota shafi ɗaya: lambarta, ranar aiki, abin da aka sa mata, tsawon wayar da ta ci, wanda ya yi aikin. Kafin a mayar da kafet a ɗauki hoton fiyus da na wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, a ga an kankare fenti kuma gajeriya ce. A rubuta wa kwastoma garanti na wata ɗaya ko biyu, da sharaɗin ba a taɓa maɓallan amfilifaya ba. Yaron kuma ka yanka masa kuɗin hannu a kan kowace mota, ka riƙe wani ɓangare sai wa'adin garanti ya cika. Idan bai iya ba, ka kai shi wurin tsohon mai rewaya ya zauna wata uku, kai ka biya.

Na san abin da ke ranka shi ne yaya za ta ji haushi, a ce ka fara ƙirga wa ɗanta. Ka je gidanta da kanka bayan la'asar, ka nuna mata 210,000 ɗin nan a rubuce, ka ce gyara kake so ba kora ba. Zancen Alaba kuwa, ka sake aiko mini da shi bayan wata shida, tare da littafin.