Shin sai an kulle rumbun bayanan laburare kafin a ciro rahoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a laburaren wata kwaleji, kuma da manhajar Koha muke gudanar da aron littattafai. Duk ƙarshen wata nakan ciro alƙaluman aro domin rahoto, sai wani abokin aikina ya ce wajibi ne in riƙa kulle rumbun bayanan har sai na gama. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ban ba ka shawarar kullewa ba, amma fargabar abokin aikinka tana da tushe. A Koha, bayanin littafin da ke hannun mai aro yana cikin teburin issues (tebur shi ne jerin bayanai iri ɗaya a cikin rumbun), da zarar an dawo da shi kuma sai bayanin ya koma teburin old_issues. To, idan ka ƙirga teburin farko da ƙarfe 10:00, wata ɗaliba ta miƙo littafinta da 10:01, sannan ka ƙirga na biyu, ka ga aro ɗaya ya shiga lissafinka sau biyu ke nan.

Kullewa tana hana wannan, sai dai masu karatu ne ke ɗanɗana kuɗarta, domin muddin tebur yana kulle ba za a iya rubuta aro ko karɓar littafi ba, ma'aikacin da ke bayar da aro ya zuba wa kwamfuta ido, layi kuma yana ta tsawo. Wannan yana damuna, musamman a lokacin jarrabawa.

Koha tana zaune ne a kan MySQL ko MariaDB, wato manhajojin sarrafa rumbun bayanai, teburanta kuma na InnoDB ne, wani tsarin ajiye tebur wanda yake iya riƙe wa mai karanta bayanai hoton rumbun kamar yadda yake a daidai lokacin da ya fara, alhali sauran ma'aikata suna ci gaba da rubutu. Saboda haka ka haɗa teburan biyu a umarnin SELECT guda (umarnin ciro bayanai), ko kuma ka fara da START TRANSACTION WITH CONSISTENT SNAPSHOT idan umarnin suna da yawa. In kuwa da mysqldump, manhajar kwafar rumbu, za ka kwafe rumbun gaba ɗaya, ka ƙara masa --single-transaction, don idan ba ka sa ba shi da kansa yake kulle teburan.

Ka kiyaye abu biyu. Kada a sabunta Koha ko a sauya fasalin wani tebur ana tsakiyar kwafa, kuma ka tabbatar babu tsohon teburin MyISAM (wani tsarin ajiye tebur daban da InnoDB) da ya rage, domin shi wannan hanyar ba ta kare shi. Rahoto mai nauyi irin na shekara kuwa, ka bari sai an tashi aiki, ko ka ciro shi daga kwafin rumbun da ke kan wata na'urar daban.