Amsa ga Kawu: Abin da Ke Kai Mu Kogunan Montana

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Argungu. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi a tsanake. Ka ce an nuna maka hotona a waya ina tsaye cikin ruwa riƙe da kifi, da ka yi murna sai aka ce maka ai mayar da shi kogi aka yi. Ka ce tunda kake su ba ka taɓa jin mai hankali ya bar aikinsa, ya ƙone mai kwana da kwanaki, ya kama abinci kuma ya sake shi ba. Ka tambaya ko haka Hausawan Amurka suka koma, ko kuwa kwaikwayon Turawa ne ya kai mu. Tambaya ce daga bakin masunci ɗan masunci, ba ta gajeren saƙo ba ce. Na rubuta amsar a fili don na san ba kai kaɗai ke da ita ba.

Ba dukkanmu ba ne. Yawancin mutanenmu a Niyok, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana da suka cika unguwar Bronx, ba su taɓa riƙe irin sandar fatsar da muke kama kifin kogi da ita ba. Mai son kifi a cikinsu teku yake zuwa, ya biya kuɗin jirgi a fita da shi da safe, ya dawo da kula cike ya raba wa maƙwabta. Masu zuwa yammacin Amurka 'yan kaɗan ne, kuma 'yan uwanmu direbobin manyan motoci ne suka fara kawo mana labarin wurin, don su ke ratsa ƙasar nan daga wannan bakin teku zuwa wancan.

Daga Niyok zuwa garin Bozeman na jihar Montana ya haura kilomita 3,000, tuƙin sama da awa 30 ne ban da tsaye-tsaye. Tun cikin hunturu ake fara tara kuɗi, wasu ta adashi, sai a ɗauki hayar babbar mota in yara sun sami dogon hutu, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Ba a tada mota sai an naɗa shugaban tafiya kamar yadda sunna ta koyar. Shi ke riƙe kuɗin mai, shi ke cewa a tsaya ko a wuce, kuma in ya ce direba ya gaji to ya gaji. Mata su haɗa guzuri na kilishi da dambun nama da garin kunu da yaji, a ɗauki tukunya da ɗan murhun gas, domin da an wuce Shikago naman halal sai an sha wuya.

Babbar hanya mai lamba 80 muke bi har mu haye kogin Misisifi mu shiga Ayowa, inda masara da waken suya suke iyakar ganinka. A nan mukan ratse zuwa garin Cedar Rapids mu nuna wa yara wani ɗan ƙaramin masallaci da baƙi daga ƙasar Sham suka gama ginawa a 1934, don su san an daɗe ana kallon alƙibla a ƙasar da aka haife su. Daga nan a hau hanya mai lamba 90, a haye kogin Missouri a Dakota ta Kudu, itatuwa su fara ƙarewa, sai ciyawa da sarari da shanu. Salla ƙasaru muke yi, a wuraren hutawa na gefen hanya, fuska na kallon arewa maso gabas. Can a Montana rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, alfijir kuma ya keto wajen ƙarfe huɗu, don haka barci tsakanin isha'i da asuba ɗan kaɗan ne.

Kifin da ake nema ana ce masa tirawut. Ba ya zaman ruwan ɗumi mai laka irin na tarwaɗa. Ruwan sanyi yake so, garai-garai, mai gudu kan tsakuwa, kuma da ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita. Dusar ƙanƙarar duwatsun Rocky ce ke narkewa ta zubo cikin kogunan nan. Akwai Madison da Gallatin da Jefferson, waɗanda suke haɗuwa a Three Forks su zama Missouri ɗin da muka haye a baya. Akwai Yellowstone mai tsawon kusan kilomita 1,100 ba tare da babbar madatsa ta tare shi ba, da Henry's Fork a jihar Aidaho, da Bighorn a cikin ƙasar ƙabilar Crow, 'yan asalin Amurka. Iri uku aka fi samu. Mai jan zane a gefe daga ɓangaren tekun Fasifik aka kawo shi waɗannan kogunan. Mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo kuwa daga Jamus aka fara kawo ƙwansa Amurka a 1883. Na ukun shi ne ɗan ƙasa, mai jan tabo a ƙarƙashin haɓa.

Babu taru, babu kalli, babu mamari, ko tana ba a sa wa. Kifin ƙwari yake ci, saboda haka gashin zakara da na barewa ake ɗaurewa da zare a jikin 'yar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da ke tashi a wannan lokacin. Tunda ba ta da nauyin da za a wurga ta, igiyar ce ake yi da nauyi, a kaɗa ta a iska gaba da baya da sanda mai kusan mita uku, sannan a sauke ta a hankali kan ruwa. Kafin ka fara sai ka ɗaga dutse daga gindin kogi ka duba 'yan tsutsotsin da ke manne a ƙarƙashinsa, su za su gaya maka abin da kifi ke ci yau. Ƙarshen Yuni wani ƙwaro mai tsawon yatsa ke fitowa a Madison, a Agusta kuma fara ce iska ke kaɗowa daga ciyawa.

Ka shiga ruwa da wandon roba har ƙirji, sanyi na ratsa ƙashin ƙafarka. Can bayan wani dutse sai ka ga ɗan zobe ya buɗe a kan ruwa ya ɓace, jim kaɗan ya sake buɗewa a daidai wurin. Kifi ne ke tsotsar ƙwari. Ka jefa naka ƙwaron sama da shi, ka bar shi ya gangaro daidai da gudun kumfar da ke gefensa. In igiya ta ja shi ya fi kumfar sauri ko da kaɗan, kifin zai taso ya dube shi ya juya abinsa. In ka dace, hanci kawai za ka gani ya leƙo, ƙwaron ya ɓace, sandar ta lanƙwashe. Kai da kake duban fuskar ruwa ka faɗi inda kifi yake kwance, Kawu, da za ka zo wallahi ba za a jima ba ka wuce mu duka.

To ga batun saki. A da gwamnatin Montana kifin gidan kiwo take zubawa cikin koguna kowace shekara don masu fatsa su kwasa. Sai wani masanin kifi mai suna Dick Vincent ya gwada daina zubawa a wani yanki na Madison, aka ga kifin da kogi ya haifa da kansa ya ƙaru, ashe na kiwon ne ke takura masa. A 1974 jihar ta daina zuba kifi a kogunan da ke da nasu. Tun daga nan duk uwar kifin da ka cire babu mai mayar da gurbinta sai kogin, ga shi kifin yana shekaru kafin ya girma, ga mutane daga ko'ina a duniya suna tururuwa kowane bazara. Da kowa zai tafi da abin da ya kama, da an daɗe da share wurin. Kai ka fi ni sanin yadda ake hana su a Matan Fada shekara guda cur har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini ranar biki, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan wauta, don shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Su a nan ba su rufe ruwan ba, sun bar shi a buɗe suka taƙaita abin da ake fita da shi. Wani yankin a saki komai, wani a ɗauki 'yan ƙidayayyu.

Na san ba nan damuwarka ta tsaya ba. Mun karanta a Risala tun a zaure cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Wannan magana ba mu jefar da ita a teku ba da muka zo. An yi muhawararta a mota, an yi ta bayan sallar Juma'a, har yau kuma kanmu bai haɗu ba. Akwai dattijo a cikinmu da ba ya jefa ƙugiya a duk inda doka ta ce sai an saki komai. Zama yake a bakin ruwa da carbinsa yana dafa mana shayi, sai an koma inda ake ɗauka ya tashi. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, ina fita da niyyar neman abincin da Allah ya halatta mana a cikin suratul Ma'ida, ina tsara tafiyata ta bi ruwan da aka yarda a ci, wanda doka ta hana kuma in mayar da shi ba tare da na wahalar da shi ba. Masu kama kifi tun safe har dare suna ƙirgawa don a ce sun iya, ba na tare da su, na kuma sha gaya musu.

Sakin ma da ladabinsa. Tun farko ana matse ɗan haƙorin nan da ke hana ƙugiya fita, don ta zare cikin sauƙi. Sai ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, domin santsin jikinsa ne ke kare shi daga cuta. Ba a ɗora shi kan yashi, ba a sa yatsa a cikin kunnensa. Ka tallafe shi a cikin ruwa, kansa na kallon inda ruwa ke fitowa, kana jin bakinsa na buɗewa yana rufewa, har ya buga jela ya zame daga hannunka da kansa.

Kuma kada ka ɗauka mutanen nan tausayin kifi ne ya hana su yanka. A gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, ɗan ƙasar nan mai jan haɓa dole a sake shi. Amma a 1994 aka gano wani baƙon tirawut babba a cikin tafkin gandun yana cinye shi. Ɗan ƙasar yana hawa ƙananan rafuka ya yi ƙwai, inda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata, da mikiya ke samunsa su ci, baƙon kuwa can ƙasan tafki yake zaune ba mai kai gare shi, sai abincin namun daji ya ragu. Yanzu doka ce in ka kama baƙon a tafkin ba ka da izinin mayar da shi da rai, kuma an cire miliyoyinsa da kalli. Haka a yankin kogin Lamar, mai jan zanen nan in ya shigo hannunka sai ka kashe shi. A irin waɗannan wuraren tukunyarmu ke cika.

Ba a taɓa ruwa sai da lasisi. Kowace jiha da nata, baƙon jiha ya fi ɗan jiha biya, gandun kuma takardarsa daban. Kuɗin lasisi da harajin da aka ɗora wa kayan fatsa tun wata doka ta 1950 su ake gyara koguna da su. Shugaban tafiya kan duba takardar kowa da idonsa, domin baƙo a ƙasar nan ba ya wasa da abin da zai haɗa shi da hukuma. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar bin cikin kogi ko da ya ratsa gonar wani, muddin ta gada ko mashigar jama'a ka shiga kuma ba ka haura gaɓa ba. A jihar Wayomin da ke maƙwabtaka ba haka ba ne, gindin kogin na mai gona ne, taka shi shiga gonar mutum ne. Jihohin nan kusan duk farar fata ne, ana kallonmu, musamman in mun shimfiɗa dardumar salla. Amma kuma tsofaffinsu ne suka koya wa da yawanmu jifa, wani ma ya buɗe akwatinsa ya ba yaronka ƙwaron da ya ɗaure da hannunsa.

In zafi ya yi yawa, ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare, domin kifin da ya sha kokawa a ruwan ɗumi ko an sake shi mutuwa yake. Sai mu fita bayan asuba, mu dawo da azahar. Wannan yammacin da ba a kamun kifi, ni a wurina shi ya fi komai daraja a tafiyar. A Niyok uba na tuƙin tasi da dare, uwa na aikin asibiti da rana, yara na makaranta, ka yi wa ɗanka Hausa ya amsa maka da Turanci yana kallon waya. A bakin kogin nan wurare da yawa waya ba ta kamawa. Mun sa doka a sansani ba a yin wani harshe sai Hausa. A nan yarana suka ji labarin homa da gora, suka san kakanninsu Kabawa ne masu ruwa, suka koyi feɗe kifi da wuƙa, suka ga yadda ake ba babba kan kifi. Da dare kuma duk wani abinci, har kilishin nan mai ƙamshi, sai an kulle shi a akwatin ƙarfe ko cikin mota saboda beyar, kuma ba mai shiga daji sai da gwangwanin barkonon fesa mata a ƙugu.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko kifin ma yana da daɗi. Yana da shi. Tsokarsa taushi gare ta, wani fara wani ja-ja, ba shi da ƙarni sosai, ƙayarsa kuma tana zarewa gaba ɗaya in ya gasu. Yaji da gishiri da ɗan mai muke shafa masa mu ɗora kan garwashi. Sai dai ba ya jure doguwar dahuwa, a miya farfashewa yake, don haka wajen farfesu har gobe ragon ruwa ne a gaba.

Ka gaishe min da Inna da su Yaya da duk masu tambayata. Na gode da tambayar, Kawu, in da inda na kauce a maganar Risala ka gyara min.