An aika sunan ɗan jam'iyya zuwa hukumar zaɓe: ina za mu kai kuka?

Tambaya: Barista, ni malamin makaranta ne a Daura. Mun ji an aika wa Majalisar Dattawa sunan wani mutum don ya zama kwamishina a hukumar zaɓe, alhali kowa ya san shi da hular jam'iyya, har kamfe ya yi. A majalisarmu ta hira wasu sun ce tunda shugaban ƙasa ne ya zaɓo shi, magana ta ƙare. Haka ne?

Amsa: Malam, magana ba ta ƙare ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon zaɓo mutum, amma sashe na 154 ya ce naɗin shugaba da mambobin hukumar zaɓe, wato INEC, ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince. Kundin ya kuma hana ɗan jam'iyya zama a hukumar. An taɓa gani: a Yulin 2021 sanatoci suka ƙi amincewa da Lauretta Onochie, hadimar Shugaba Buhari, bayan ƙorafin jama'a ya yi yawa. Dalilin da suka bayar a hukumance shi ne jiharta ta Delta ta riga ta sami wakilci, amma kukan mutane ya yi tasiri.

Shawarata ita ce ku bugi ƙarfe da zafinsa, tun kafin a tantance shi. Ku rubuta takardar koke zuwa ga kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da INEC, ku miƙa kwafi ta hannun sanatan shiyyar Daura. Ku haɗa da hujja ta zahiri: katin jam'iyya, fosta, bidiyon taron kamfe, ko takardar rantsuwa ta wanda ya gani da ido. "Kowa ya sani" ba ya tsayawa a gaban kwamiti. Ina nanata gaggawa ne saboda in aka rantsar da shi, sashe na 157 ya ce ko shugaban ƙasa ba zai cire shi ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na sanatoci. An yi wannan kariya don 'yancin hukumar, amma tana rufe mai kirki da marar kirki baki ɗaya.

Kotu fa? Ƙofarta a buɗe take. Rigar kariyar sashe na 308 ba ta hana a kai ƙarar ofishin shugaban ƙasa, kuma akwai Babbar Kotun Tarayya a Katsina. Sai dai alƙali zai fara tambayar ku me ya shafe ku. Sanata Abraham Adesanya ya taɓa ƙalubalantar naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey a matsayin shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO, a 1981 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin shigar da ƙarar. Sanata ne fa! Kotuna sun sassauta tun daga lokacin, amma har yau lauyoyin gwamnati da wannan suke fara kare kansu. Ƙungiya mai rajista da ke aikin sa ido a zaɓe ta fi mutum ɗaya samun sauraro.

Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati, wadda ke ba da wata uku kacal a shigar da irin wannan ƙara. In kun yanke shawarar zuwa kotu, ku ga lauya da takardunku a makon da aka tabbatar da naɗin.