Amsar tambayarka kan farar itace

Ɗana, ka tambaya me ya sa mutanenmu ba sa tsintar matacciyar fara a gindin itace, alhali ka ji an ce mushenta halal ne. Hadisin da ya halatta mushen kifi da na fara sananne ne, amma malaman Malikiyya da muke bi sun ce sai an kashe ta da niyya da bisimilla, ko a tsinke kai, ko a zuba ta a tafasasshen ruwa. Ban da wannan, farar da ta faɗo da kanta sau da yawa feshin magani ne ya kayar da ita, kuma wuta ba ta fitar da wannan guba. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujja.

Farar itace ita ce babbar nan mai ruwan toka da ke kwana a kan aduwa da bagaruwa. Da asuba ake kama ta, cikin hunturu, lokacin da sanyi ya daskarar da ita ba ta iya tsalle. A shimfiɗa tabarma a ƙasa, a girgiza reshe da gora, a kwashe cikin buhun da iska ke shiga. Rana na ɗagawa, shi ke nan, ta tashi.

Kada a yi gaggawar dafawa. A bar ta kwana 1 a buhun ta fitar da abin da ke cikinta, in ba haka ba ɗacin ganye zai biyo ta har baki. Sannan a tafasa ruwa, a sa gishiri kamar cokali 2 ga kwano guda, a juye ta da bisimilla. Da ta koma ja-ja a tsame. A cire fukafukai da ƙafafun baya, musamman in yara za su ci, don ƙayoyin ƙafar suna maƙalewa a wuya. A shanya kwana 2 ko 3 har ta riƙa karyewa a hannu; wadda aka ɗaure da sauran danshi fumfuna take yi. Suya a ɗan man gyaɗa, wuta kaɗan-kaɗan, yaji da lemun tsami bayan an sauke.

Ka kuma ja kunnen ƙannenka kan farar tumfafiya, mai zanen rawaya a jiki. Ganyen tumfafiya take ci, gubarsa na jikinta, ba a cin ta ko an dafa.