Me ya sa kolambain ɗina yake mutuwa bayan 'yan shekaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shuka kolambain mai shuɗin fure, shekara uku yana yin kyau, amma bana rabinsa bai farfaɗo ba. Ƙananan da suka tsiro a gefe kuma launinsu daban. Cuta ce, ko ni ce ban iya kula da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, halinsa ke nan. Kolambain, wanda masana tsirrai ke kira Aquilegia, yana komowa kowace shekara, sai dai gajeren kwana gare shi. Gindi ɗaya yakan gaji bayan shekara 3 zuwa 4. Irin da yake zubarwa shi ke riƙe shi a lambu, don haka waɗannan ƙananan su ne magadansa, kada ki nome su.

Sauyin launin kuwa aikin ƙudan zuma ne. Suna kwasar garin fure daga wannan nau'i zuwa wancan, shi kuma kolambain ba ya wuyar barbara. Ni dai ina son wannan gaurayen. In shuɗi zalla kike so, ki riƙe nau'i ɗaya, ki tumɓuke bare kafin ya yi iri.

Idan furen ya kaɗe, ki bar wasu karare har kwansonsu ya bushe ya buɗe baki. Za ki ga ƙananan iri baƙaƙe masu sheƙi a ciki. Ki karkaɗe su a ƙasa, ki danna da tafin hannu ba tare da binnewa ba, domin haske na taimaka musu tsirowa. Tsiro ne na ƙasashen sanyi, irinsa ya fi fitowa bayan ya sha hunturu. Wanda kika adana, ki sa shi cikin yashi mai laima a firji mako 3 zuwa 4 kafin shuka. Shekarar farko ganye kawai zai ba ki, fure sai ta biyu.

Kada ki raba tsohon gindi. Saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, da wuya ya tsira daga dashe. Ƙanana za ki dasa, da tazarar santimita 30 zuwa 45, inda rana ke bugawa da safe, inuwa ta rufe da yamma. Yana son danshi, amma ƙasar da ruwa ke kwanciya tana ruɓar da gindinsa tun kwanansa bai ƙare ba. Ki duba inda naki ya mutu.

In kin ga fararen layuka sun yi kwana-kwana a ganyen, tsutsar wani ƙaramin ƙuda ce ke ci ta ciki. Ba ta kashe shi. Bayan fure ki yanke ganyen har ƙasa, sabo zai toho. Irinsa da saiwarsa kuma suna da guba, ki adana su nesa da yara.